Zango ko gidan fatoma: Abubuwan da ya kamata ka sani kan makwancin matafiyi mai ƙaramin guzuri

Da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, sai tashoshin mota na Gaya da Ajingi su fara cika da samari. Kowa da 'yar jakarsa, wani har da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Wasu a Kano za su tsaya, wasu sai Abuja, wasu sai Legas ko Fatakwal. Ka tambayi ɗayansu kuɗin mota, zai faɗa maka har da na kaya. Ka tambaye shi sana'ar da zai kama, dako ne ko ga-ruwa ko gadi, amsa na bakinsa. Amma ka ce, "To ɗan samari, daren farko a ina za ka kwana?" sai ya yi murmushi ya ce maka, "Baba, Allah na nan."

Allah na nan, babu ko tantama. Sai dai kakanninmu fatake, waɗanda suka fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, ba sa barin wannan tambaya sai sun isa. Ba mu kaɗai take damu ba kuma. Matasan Turai masu yawon birni zuwa birni da ɗan abin hannunsu kullum suna cikin wannan gardama: a goya tanti a riƙa kwana a fili, ko a biya kuɗin gado a gidan kwanan haɗaka da suke kira hostal? Mu mun daɗe da irin wannan zaɓi, sunayen ne suka bambanta. Namu zango ne da gidan fatoma.

Zango ba kwanan daji ba ne

Yau in an ce zango, yaro zai ɗauka zangon karatu ake nufi, na ɗaya ko na biyu ko na uku. Asalin kalmar kuwa ta matafiya ce: tafiyar yini guda, da kuma wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana. Daga nan muka samu "ya da zango".

Ɗauki fataken goro misali, waɗanda a ƙarni na 19 suke tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja, cikin Gana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Suna ɗora wa jakuna kanwa da tufafin rini da kayan fata da gabu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanen Mango da Yandi, su dire a Salga. Zuwa da dawowa kan cinye rabin shekara ko fiye. Babban ayari kan kai mutum dubu, ban da dabbobi.

Mutum dubu ba sa kwana a inda dare ya yi musu kawai. Ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba da ke yin gaba ya duba hanya da masauka. Akwai uban dawaki mai tattara abin da za a biya na fito da gaisuwar masu ƙasa, akwai kuma malamin ayari. Ana sammako ne a yi tafiya da sanyin safiya, kafin rana ta take an sauka. Sai a kafa bukkoki, a tara kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi, a raba masu tsaron dare. Matan ƙauyukan kusa su fito da tuwo da fura da ciyawar dabbobi, kasuwa ta ci har magariba.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Na farko, zango ba kyauta ba ne, ana biya, sai dai kuɗin a warwatse yake, ba a dunƙule ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, zango na jama'a ne. Falken da ya ware daga ayari ya ce zai kwana shi kaɗai a dajin Bargu don ya tsira da kuɗin gaisuwa, ba a kiransa mai tattali. Sunansa abincin 'yan fashi.

Fatoma: gidan da ba a karɓar kuɗin ɗaki

In ayari ya shigo babban gari kuwa, sai lissafi ya sauya. Falke mai kaya masu daraja ba ya son ya bar su a fili, ba ya jin yaren garin sosai, bai san wane mai saye ne mai cika alkawari ba, wane ne ɗan damfara. Baƙo ko da ido makaho ne. A nan fatoma yake shigowa, wanda a wasu wurare ake ce masa mai gida kawai.

Fatoma yana ba ka ɗaki, a kawo maka tuwon dare daga cikin gida, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillalansa, in rigima ta taso shi zai tsaya maka a gaban sarkin kasuwa ko alƙali. Ba zai ce ka biya kuɗin kwana ba. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa, da kuma alherin da za ka yi masa ranar tafiya. Wato dai shi ma ba kyauta ba ne. Kuma akwai igiya a ciki: wanda ya ci tuwon fatoma ba ya kai kayansa wurin dillalin wani. Kunya ba za ta bar shi ba, in ma ta bar shi, baɗi ba zai samu ƙofar a buɗe ba.

Wannan tsari bai mutu da zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ba, sai ma ya bi layin dogo ya gangara kudu. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, a kansa ta ginu. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda masu gidajen Sabo suke sauke masu shanu daga Arewa, a sayar wa mahautan Yarabawa bashi, mai gida ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya gudu da kuɗi, asarar a wuyan mai gida take. Ka ga ashe ba ɗaki ne babban abin da yake bayarwa ba. Sunansa yake jinginarwa saboda kai. Wata mai bincike, Polly Hill, ita ma ta tarar da irin wannan a kasuwar shanu ta Kumasi.

Ni a ganina, wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Abin da matafiyi yake saye da dare ba shimfiɗa ba ce. Tabarma ko'ina ana samu. Abin da yake saye shi ne a samu wani a garin da zai ce, "Na san shi, a wurina ya kwana."

Inda bukka ta zama soro

Zangon da aka daɗe ana sauka a cikinsa ba ya zama fili har abada. Wani falke ya gaji da tafiya, ya yi aure, ya ja katanga, ya koma sauke na bayansa. Haka Fagge ta faro a bayan ganuwar Kano, masaukar ayarin raƙuma daga Arewa. A Damagaram, unguwar Zango da ke wajen Birni ita ce ta koma mazaunin manyan attajirai masu gidajen zane. A cikin birnin Kano akwai Zangon Barebari, sunan kaɗai ya gaya maka daga wace kusurwa baƙin suke zuwa: gabas, hanyar Barno, wadda ƙasar su Gaya take kanta. Ita ma Gaya ai tana da nata labarin na matafiyi, tunda Abagayawa maƙeran Kano suna cewa kakansu daga can ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala.

A Gana kuwa kalmar ta yi jijiya sosai. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, fatake sun watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, ko'ina suka sauka ana kiran unguwar Zongo. A 2017 har ma'aikata guda gwamnatin ƙasar ta kafa mai ɗauke da sunan Zongo. Kalmar da aka yi wa makwancin dare ɗaya ta shiga kasafin kuɗin wata ƙasa.

To su Turawa yaya suke yi?

Hostal ɗinsu bai kai gidan fatoma tsufa ba. Wani malamin makaranta ɗan Jamus, Richard Schirrmann, ruwan sama ya tare shi da ɗalibansa a wata tafiyar ƙafa a 1909, suka fake a wata makarantar ƙauye. Daga nan tunanin ya zo masa, a 1912 kuma aka samu na farko na dindindin a tsohuwar fadar Altena. A 1932 ƙasashe suka haɗu a Amsterdam suka kafa ƙungiyar irin waɗannan gidaje ta duniya.

Tsarin mai sauƙi ne. Gado kake haya, ba ɗaki ba. Gadaje masu hawa biyu, mutum huɗu ko takwas ko fiye a ɗaki guda, banɗaki na kowa da kowa, galibi da madafa inda za ka dafa abinka, da akwatin ƙarfe da za ka sa wa kwaɗonka. Yawanci a tsakiyar gari suke, kusa da tashar jirgin ƙasa.

Mai tanti kuwa yana tsammanin ya fi kowa dabara, har sai ya zauna ya yi lissafi. A yawancin ƙasashen Turai ba a yarda ka kafa tanti inda ka ga dama ba, sai a filin da aka keɓe, wanda shi ma kuɗi ake biya. Ƙasashen da suka sassauta su ne irin su Suwidin da Norwe da Finlan, inda tsohuwar al'ada ta ba kowa damar kwana a daji in bai matsa wa gidan wani ba, sai Sikotlan da ta sa hakan a doka a 2003. Filayen kwanan kuma a bayan gari suke, kullum sai ka biya mota shiga da fita, da yawansu ma rufewa suke yi in sanyi ya shigo. Ga nauyin kaya a gadon baya, ga jiragen sama masu araha da ke cajin kowace jaka. Mutum uku ko huɗu masu mota ɗaya, da zafi, a karkara: tanti ya fi musu. Mutum ɗaya mai bin birane a jirgin ƙasa: gado ya fi masa. Madugun Gwanja da zai ji wannan, da ya ce ai ba su zo da sabon abu ba.

Wani abin da matasan yanzu ba su sani ba: Turawan nan sun taɓa kawo mana tantunansu har gida. A shekarun 1970 da 1980, masu ratsa Sahara a mota daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, Kano ce babbar masaukarsu, kuma akwai sansanin 'yan yawon buɗe ido na gwamnatin jiha a kan titin Bompai inda suke kafa tanti ko su kama ɗaki. Tawayen Abzinawa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 su suka tsinke wannan hanya.

Idan kai ne mai niyyar zuwa Turai, to zaɓin ma an rage maka shi tun daga ofishin jakadanci. Mai neman bizar Shengen sai ya nuna shaidar inda zai sauka, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ba a cike wannan gurbi da "Allah na nan".

Lissafin da ba a yi a tasha

Mu dawo gida. Ɗan ci-ranin da ya sauka a Unguwa Uku da magariba yana da hanyoyi kamar huɗu: ya kwana a tasha ko rumfar kasuwa, ya samu kango ya shirya da mai gadi, ya shiga ɗakin 'yan garinsu, ko ya nemi gidan saukar baƙi. Na ƙarshen nan yawancin mutanenmu ba sa ko kallonsa. Tsada ɗaya ce, ɗaya kuma sunan da otal ya yi a ƙauye, inda in aka ce wane a otal ya kwana sai an ɗaga gira.

Kwanan tasha shi ake ɗauka kyauta. Amma ƙirga. Gidan wanka kuɗi, ba-haya kuɗi, mai cajin waya kuɗi, wanda zai ajiye maka jaka kuɗi, ga na goro da za ka miƙa wa mai gadi. Abinci ba dama ka dafa, sai na mai shayi da mai tuwo. Sannan barcin rabi da rabi ne, ido ɗaya a rufe ɗaya a kan kaya. Da can kuɗi a lalita suke, a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, sai an tashe ka kafin a raba ka da su. Yau dukiyar duk tana cikin waya, da asusun banki da lambobin mutane, kuma zare ta daga aljihun mai barci ba ya ɗaukar ƙiftawar ido. Dare ɗaya ana jurewa. Wata guda kuwa, jiki magayi, kuma mai dakon da bai yi barci ba buhu nawa zai ɗauka?

Ba ina cewa kwanan waje kullum kuskure ba ne. Wanda ya kawo shanu kasuwar Wudil ta Juma'a tun ranar Alhamis, ina zai kwana in ba kusa da dabbobinsa ba? Yana cikin abokan sana'a, dillalai sun san shi, shugabannin kara sun san shi. Wannan zango ne na gaskiya, irin na da. Haka Bafulatanin da ya kafa mashekari a gonar wani da rani, da yardar mai gona, shanu suna ba shi taki. Haka gardawan da ke fita bayan gari su yi bukkokin kara don karatu. Duk a waje suke kwana, amma babu wanda yake shi kaɗai, babu kuma wanda ba a san da zamansa ba.

Kango shi ne ya fi yaudara. Akwai rufi, akwai sirri, kuɗin kaɗan ne. Amma ranar da aka yi sata a layin, ƙofar kangon ake fara bugawa, mai gadin da ya karɓi kuɗinka kuma ba lalle ya ce ya san ka ba, tunda shi ma mai ginin bai san ya saka ka ba.

Ɗakin 'yan gari shi ne hostal ɗinmu na yau, kuma shi ya gaji gidan fatoma. Samarin ƙauye ɗaya su haɗa kuɗi su kama ɗaki ko shago, a Kano ko a Agege ko Idi-Araba, babba a cikinsu ya riƙe makulli da asusu. Masu gadi su yi barci da rana, masu tura baro su yi da dare, tabarma ba ta hucewa. A nan ake jin inda ake neman lebura, a nan ake samun rance, in ciwo ya kama ka a nan za a samu mai kai ka asibiti ya kuma kira gida. Shi ma da nasa haraji: ban da kuɗin ɗaki akwai kuɗin cizo, ga ƙazuwa, ga tarin da ke zagaya ɗaki. Da kuma ido. Duk abin da ka yi a Legas, kafin ka dawo ya riga ka isa Ajingi.

Wata uku ba ɗaya suke da wata uku ba

Da bazara kowa ma a waje yake kwana, har mai gida, kuma cunkoson ɗaki marar taga a wannan lokaci shi ne abin tsoro, saboda lokacin sanƙarau ke nan. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano ba sa bukatar a tuna musu. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sanyin asuba a kan siminti yana karya ƙato. Da damina kuwa sauro ne sarki, kuma kuɗin maganin zazzaɓi ɗaya da kwanakin da za ka yi ba aiki sun fi kuɗin gidan sauro sau da yawa. Gidan sauron nan shi ne kaɗai kayan da zan ce kowane matafiyi ya cusa a jaka, ko a ina zai kwana.

Abin da rashin tsaro ya ƙwace mana

Akwai lokacin da baƙo in dare ya yi masa sai ya nufi masallaci ko zauren mai unguwa. Bayan isha'i za a tambayi daga ina, a aiko masa da tuwo, ya kwana, da asuba ya kama hanya. Addini ya yanka wa baƙo kwana uku, al'ada kuma ta ce baƙonka annabinka.

A ƙauyukan Gaya da Ajingi har yanzu ba a rasa wannan ba. A birni kuwa ya ja baya ƙwarai. Harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, da bam ɗin tashar Sabon Gari a Maris na 2013, da na babban masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamban 2014, sun sa masallatai da yawa sa kwaɗo bayan isha'i, masu unguwanni kuma suka koma jan kunnen jama'a kan sauke wanda ba a sani ba. Ba rowa ba ce, tsoro ne, kuma ba ka ga laifinsu ba.

A kudu abin ya fi haka nauyi. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar dawowa gida yin Sallah daga jihar Ribas. Ba kwana suka je yi ba, wucewa kawai suke yi, kuma ba su da laifin komai a abin da ya same su. Na kawo labarin ne don ka ga yadda baƙon da babu mai shaidarsa a wuri yake zama ba shi da kariya cikin ɗan lokaci. Shi ya sa har gobe Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da na tasha suke da amfani a garuruwan kudu. Aikin fatoma suke yi, ko da ba su ba ka ɗaki ba.

Waɗanda ba su da zaɓin ma

Duk wannan magana ta maza ce. Macen da ta taso daga Gaya sarin atamfa a Kantin Kwari, in ba ta gama da wuri ta juya ba, gidan 'yan'uwa ne ko na ƙawar uwa, babu batun tasha. Shi ya sa za ka ga mata sun fi maza riƙe zumuncin birni, suna aika kuka da daddawa da man gyaɗa tun kafin bukata ta taso.

Sai 'yan jinya. Duk wanda ya taɓa shiga manyan asibitocin birni da dare ya ga su a baranda da gindin bishiya, da tabarmi da kuloli da butoci, wasu sati biyu, wasu wata. Su ba araha suka zo nema ba, barin majinyaci ne ba zai yiwu ba. Da kwana biyu za ka ga sun zama ayari: wannan ta duba wa waccan kaya, wancan ya sayo wa kowa ruwa, an san wanda ke tashin mutane sallar asuba, an san wanda za a ba ajiyar waya in za a shiga ganin likita.